Saƙon da Bai Shiga Wayar Baba Gado Ba

A shekarar da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, lokacin da hanyar Tsamiya mai zuwa iyaka ta yi tsit har awaki na kwanciya a tsakiyarta, a shekarar ne na karɓi aikin da ya fi kowane aiki koya mini wannan sana'a. Ina da shekara hamsin da ɗoriya a lokacin. Na ga ya kamata in rubuta yadda abin ya kasance saboda samarin da ke zama a bencin shagona a nan Bagudo. A ganinsu tsara fuskar manhaja wasa ne: ka jawo akwati nan, ka ajiye hoto can, ka zaɓi launi, shi ke nan. Kwanan baya ɗayansu ya ce mini, "Baba Malam, wannan ai ko a teburin mai shayi sai in haɗa shi." Na ce masa Allah ya taimaka.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malami ne a Kende, kuma a hannunsa na koyi rubutu da alƙalamin kara da tawadar da muke dafawa da kanmu. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ina da ɗan tebur kusa da kotu, ina rubuta wa mutane wasiƙa da takardar ƙara, wasu da Ajami, wasu da boko. Abin da marubuci ke fara yi shi ne ya dubi takardar da ke gabansa. Ya san faɗinta, ya san tsawonta, ya auna maganar mutum a kansa, sannan ya tsoma alƙalami. Idan ya iya aikinsa, kalma ta ƙarshe za ta sauka daidai ƙasan shafi, da ɗan fili na sa hannu. Na yi suna da wannan. Daga baya waya ta zo ta kashe wasiƙa, na koma buga takardu a kwamfuta, na yi shekaru a kan haka, har wannan ma ya fara ja baya. Sai na rufe shago na tafi Birnin Kebbi koyon haɗa manhaja a wurin wani Injiniya Murtala, wanda na girme shi da shekara ashirin. Yana ce mini Malam, ina ce masa Injiniya, kuma ni ke share shagon da safe, domin haka almajirci yake ko da gemunka ya yi fari.

Aikin farko da ya ba ni shi ne shafin lokutan salla na wani kwamitin masallaci. Na yi mako guda a kansa. Na jera salloli biyar ɗin ɗaya ƙarƙashin ɗaya, na ba kowacce akwatinta, na auna tazararsu kamar yadda zan ja layi a takarda. A fuskar kwamfutata ya fito tsaf. Injiniya ya duba, ya jawo wani faranti daga ƙarƙashin tebur. Tsofaffin wayoyi ne a ciki, sun kai goma, manya da ƙanana, wata da fasasshen gilashi, wata an ɗaure ta da roba. Ya buɗe shafina a mafi ƙanƙantarsu ya miƙo mini.

"Malam, ina Isha'i?"

Na duba. Asuba, Azahar, La'asar, Magariba, sai bakin waya.

"Wato masu ƙaramar waya salla huɗu ka yanka musu," in ji shi. "Ka yi musu rangwame ke nan."

Ya juya wayar a kwance, Magariba ma ta tafi. Ya ɗauko babba mai faɗin littafi, shafina ya maƙale a kusurwa ɗaya kamar baƙon da bai san masu gida ba. Sannan ya ce da ni, "Kai takardarka girmanta ɗaya ne, kuma kana ganinta. Ni tawa girmanta ya fi ɗari, kuma ban san wadda mutum zai ciro daga aljihu ba."

Wannan ita ce sana'ar gaba ɗayanta, sauran duk bayani ne. Ba ka ce wa akwati faɗinka ɗigo kaza ne. Ce masa za ka yi ya ɗauki rabin fili, ko ya ɗauki duka, ko ya ɗauki abin da ya rage. Ba ka yanka masa tsawo, ka bar shi ya bi abin da ke cikinsa, in magana ta yi yawa ya miƙe, in ta wuce fuskar waya mutum ya iya ja sama da yatsa ya ga saura. Abubuwan da ke zaune kafaɗa da kafaɗa a babbar waya, ka koya musu su hau kan juna idan wuri ya yi ƙunci. Hoto ya ƙanƙance ba tare da fuskar mutumin da ke ciki ta yi tsawon kwalba ba. Maɓalli kuwa ka auna shi da babban yatsan manomi, ba da naka ba. Na yi shekara biyu kafin hannuna ya daina neman sanya wa kowane abu awo tsayayye, kuma ko bayan nan bai daina gaba ɗaya ba, kamar yadda za ku ji.

Da na dawo Bagudo kayan aikina ba su da yawa: tsohuwar kwamfutar cinya, faifan sola ɗaya da batir, da ƙaramar fanka da nake juya wa kwamfutar, ba kaina ba. Injiniya ya ce in haɗa nawa farantin wayoyin. Na sayi uku na ce zan ƙara daga baya. A cikin kwamfuta akwai wayar gwaji, wadda za ka ce mata ta zama babba ko ƙarama, ta zama. Na dogara da ita fiye da yadda ya kamata. Ita ba ta faɗuwa a kwale-kwale, rana ba ta dukanta, kuma babu tsohon da ya taɓa riƙe ta.

Wata mai sayar da atamfa da ke sarowa daga Malanbil, can ƙetaren iyaka, ta sa na yi mata manhajar nuna kaya. A nan na fara sanin wayoyin ƙasarmu. Rabin masu sayenta wayoyinsu daga ƙetare suke, da Faransanci a ciki, kuma kalmar da ke da baƙi huɗu a wurinmu sai ta zo da goma sha biyu ta fasa maɓalli ta fito waje. Wani mai kantin magungunan dabbobi a Matsinkai ya dawo mini da aiki sau uku, yana cewa rubutun ba ya ganuwa. A shagona yana ganuwa sarai. Sai da na bi shi kasuwar shanu da tsakar rana na gane cewa launin toka a kan fari ba na mutanen da ke aiki a fili ba ne. Shi kuwa Ajami, wanda saboda shi ne yawancin ayyuka ke zuwa wurina, yana da nasa hukuncin. Daga dama yake tafiya, don haka komai na shafin sai ya juya, har kibiyar komawa baya. Kuma wasulansa na sama da na ƙasa suna son fili, in ka matse layi sai su taka juna. Rubutun da ya ci layi huɗu da boko zai iya cin tsawon layi bakwai da Ajami.

To, a shekarar rufe iyaka shinkafar gida ta yi daraja, kowa ya koma fadama. Wata ƙungiyar manoman bakin kogi ta samu tallafin injinan ban ruwa da iri, ta rarraba wa ƙauyuka, kowane ƙauye da wakilinsa. Sakataren ƙungiyar, Alhaji Bawa, ya zo shagona. Suna da 'yan'uwa a saman kogi, wajen Gaya da Malanbil, waɗanda ke bugo musu waya idan kogi ya fara tashi. Matsalarsa ita ce kafin ya bi wakilai ɗaya bayan ɗaya a waya, wani babu sabis, wani ya tafi gona, kwana biyu sun wuce, kuma daga baya kowa ya ce ba a gaya masa ba. Yana son manhajar da zai aika saƙo sau ɗaya ya shiga wayar kowane wakili, da boko ko da Ajami, yadda mutum ya zaɓa. A ƙasa kuma a sa maɓalli mai cewa "Na gani", wanda in wakili ya danna, a rubuta rana da lokaci.

"Shaida nake so, Malam," in ji shi. "Na gaji da rantse-rantse."

Aikin ba mai wuya ba ne. Ni na ƙara masa abin da ba a ce in ƙara ba. Na ga tun da saƙon zai fito da Ajami, bai kamata ya zauna tsirara a farin gilashi ba. Na ɗauko alƙalami na zana masa zayyana a takarda, irin wadda ake kewaye shafi da ita, ja da rawaya da baƙi, na ɗauki hotonta na sa a manhajar, rubutun ya zauna a cikinta. Ita zayyana in ka ja ta sai ta lalace, don haka na yanka mata tsawo, na ce ta ɗauki kashi biyu cikin uku na fuskar waya ta tsaya a nan. Don kada rubutu ya hau kanta kuma, na ce duk abin da ya wuce bakinta a ɓoye shi. Ban ba akwatin damar ja sama ba, saboda a wayoyina uku da wayar gwaji duk saƙon da na gwada ya shige har da saura. Maɓallin "Na gani" na kafe shi a ƙasa, kullum yana nan. Alhaji Bawa ya gani ya ce ko a Sakkwato ba a yi irin wannan ba.

Ranar da aka tara wakilai don in sa musu manhajar, na ƙarshe a layi wani dattijo ne, Baba Gado, wakilin wata tunga da ke bakin ruwa can kusa da iyaka. Masunci ne, yana kuma noma. Ya yi allo tun yana yaro, yana karanta Ajami da kyau, abin da ya sa mutanensa suka zaɓe shi ke nan. Wayarsa 'yar ƙarama ce, ba ta kai tafin hannu ba, a cikin ledar burodi saboda ruwa. Na sa masa manhajar, na buɗe saƙon gwaji, ya fito daidai. Ya nisanta wayar da idonsa ya ce, "Malam, baƙin nan sun yi mini ƙanana. Ido ya tsufa. Ƙara musu jiki." Na shiga saitin wayar na ƙara girman rubutu har ƙarshe, na miƙa masa. An kira La'asar, muka tashi. Ban sake buɗe manhajar a wayarsa ba bayan na ƙara girman.

Alhaji Bawa ba ya son rubutu, don haka yakan bugo mini ya faɗi abin da yake so, ni in tsara in aika. Ni kuwa marubucin wasiƙa ne, ban iya faɗa wa dattawa magana ba sallama ba. Kowane saƙo nakan buɗe shi da sunan Allah da salati, sannan daga ƙungiya zuwa ga wakilai masu daraja, sannan gaisuwa da tambayar iyali da gona, sannan addu'ar Allah ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai a sabon layi in ce "bayan haka", in kawo maganar. Don wakilai su saba da danna maɓallin, duk Juma'a nakan aika musu gaisuwar kaɗai, ba tare da wata magana a ƙasa ba. Sun saba kuwa. Baba Gado yana cikin masu fara dannawa.

Shekarar da ta biyo baya ita ce ta korona, ita ce kuma ta babban ruwa. Duk wanda ke Kebbi ya san ta, ba sai na bayyana ba. Wata Talata da hantsi Alhaji Bawa ya bugo mini, ya ce mutanen sama sun ce ruwan da ke tafe ba irin wanda aka saba ba ne. A gaya wa wakilai su kwashe injina da buhunan iri daga fadama zuwa tudu a yau, kada a jira gobe. Na rubuta kamar kullum, da buɗewata da gaisuwata, sannan maganar ruwa. Na duba a wayata, komai ya fito. Na aika. Kafin La'asar wakilai duka sun danna.

Shinkafar da ke gona babu wanda ya tsira da ita, wannan hukuncin Allah ne. Amma a Geza da Kende da sauran wurare an fitar da injina da iri. A tungar su Baba Gado ba a taɓa komai ba. Ruwa ya same su ranar Juma'a, ya tafi da injina shida da irin da za su yi noman rani da shi. Mutane sun fita da ransu da abin da ke jikinsu.

Bayan ruwa ya ja aka yi taro a zauren Alhaji Bawa. Mutanen tungar sun zo da yawa, ransu a ɓace. Aka tambayi Baba Gado me ya hana shi sanar da su.

"Ba a gaya mini ba," in ji shi. "Gaisuwa anka aiko, irin ta kullum."

"Ran Talata ake gaisuwar Juma'a?" in ji wani.

"Na ce ko Malam ya ji marmarinmu ne."

Aka yi dariya, ba ta daɗi ba. Aka ce ya kawo wayar a gani, ya ce tana ƙarƙashin kogi tare da tabarmarsa. Sai Alhaji Bawa ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai ne mai littafin. Ya gani ko bai gani ba?"

Na buɗe littafin dannawa da ke cikin kwamfuta. Na karanta musu cewa wakilin tunga ya danna "Na gani" ranar Talata bayan Azahar. Na buɗe saƙon a wayata na ɗaga, aka zagaya da ita, kowa ya ga maganar ruwa a rubuce cikin zayyana. Na ce saƙo ɗaya ne ya tafi wayar kowa, inji ba ya zaɓe. Baba Gado ya ce, "Awo, na danna. Abin da nig gani shi na danna ma." Ya nemi a kawo Alƙur'ani ya rantse. Limamin da ke wurin ya ce ba a rantsuwa a kan abin da shaida ta riga ta bayyana. Aka cire shi daga wakilci a ranar. Ya sa takalminsa ya fita.

Wajen wata huɗu bayan haka, Geza suka canza wakili saboda na farkon ya tafi ci-rani. Sabon, Mamman, ya shigo shagona wata safiya yana dariya, ya ajiye waya a tebur.

"Malam, mun gode da addu'a, amma yaushe za a fara aiko muna da magana? An ce an yi sanarwar taki, ni dai amin kawai nike gani."

Wayar 'yar ƙarama ce, an ƙara mata girman rubutu. Na buɗe saƙon taki. Sunan Allah da salati, wakilai masu daraja, gaisuwa, damina mai albarka, amin. Daidai nan zayyana ta rufe. Ba rabin layi, ba kan wani baƙi da ya leƙo da zai sa mutum ya yi zargin akwai saura. Shafi cikakke mai kyau, da maɓalli a ƙasa. Na ja da yatsa, bai motsa ba. Na koma na buɗe saƙon ranar Talatar nan, haka ya tsaya a kan amin.

Littafin da ke cikin kwamfuta ba lokacin dannawa kaɗai yake rubutawa ba. A layin da ke kusa da shi yana rubuta girman fuskar kowace waya. Na duba na Baba Gado, daidai yake da na Mamman. Wannan layin yana nan a ranar taro, a gaban idona, ban dube shi ba saboda ba shi aka tambaye ni ba.

Gyaran bai ɗauke ni tsakanin Azahar da La'asar ba. Na cire zayyana, na saki tsawon akwati, na mayar da maɓallin ƙarshen rubutu, yadda ba za ka kai gare shi ba sai ka wuce ta kan kalma ta ƙarshe. Na aika wa kowa sabuwar manhajar na ce an yi mata kwaskwarima. Ban gaya wa kowa dalili ba. Haka rani ya yi nisa.

Gab da azumi na je Birnin Kebbi sayen batir, na biya wurin Injiniya, na nuna masa abin a matsayin labarin aiki. Ya saurara har ƙarshe. Bai yi mini faɗan zayyana ba, ko da yake na cancanta. Cewa ya yi, "To, manhaja ta warke. Shi dattijon fa, wa ya aika masa da kwaskwarima?"

Da na dawo na sami Alhaji Bawa na gaya masa. Ya shafa gemu. Ya ce abin ya wuce, an naɗa wani, in na tono za a karɓe aikin daga hannuna, shi ma a ce bai bincika ba. Ya ce in je in ba tsohon haƙuri a ɓoye, in ɗan riƙa masa wani abu. Na ce zan je dai.

Na hau babur zuwa Lolo, daga nan na shiga jirgin ruwa. Kafin in taso na ari wayar Mamman, na mayar mata da tsohuwar manhajar. A cikin jirgin na tambayi matuƙin gidan Baba Gado, ya ce, "Wane Gadon? Gado Na-gani?" A nan na san sunan da aka sa masa. Matuƙin ya ƙara da cewa da can in an yi rigimar wurin kamun kifi ko iyakar gona, wurinsa ake zuwa, yanzu kuwa ko farashin kifi ya faɗa sai an tambayi wani.

Na same shi a gindin bishiya yana ɗinkin taru, ragarsa ta kamun kifi. Na yi sallama ya amsa, ya tura mini turmi in zauna. Muka gaisa har ƙarshe, bai rage komai ba. Sannan ya ce, "Malam, mi yak kawo ka? Ko wata gaisuwar ce?"

Na ba shi wayar Mamman da saƙon Talata a buɗe. Ya nisanta ta da ido, ya karanta a hankali yana motsa leɓe.

"Ita ce," in ji shi. "Wagga ita ce nig gani."

Na ba shi tawa. Ya karanta har ƙasa, har wurin da aka ce kada a jira gobe. Ya daɗe a kan wannan layin. Na bayyana masa yadda aka yi, tun daga zayyana har ƙara girman baƙin da na yi da hannuna. Na ce shaidar da na bayar a kansa ba daidai ba ce, na zo ya yafe mini.

Ya miƙo mini wayoyin biyu ya koma kan tarunsa.

"Yaushe kas sani?"

"Wata uku ke nan."

"Wata uku." Ya ja zare ya ɗaure. "Ni ban da abin yafewa a gindin itace, Malam. Ba nan kab ba da shaida ba. Gaban mutane kac ce na gani. Su wa'anda injinansu sunka tafi suna nan, yanzu za su taru Azahar. In ka iya faɗi gabansu, to. In ba ka iya ba, jirgi bai tashi ba tukuna."

Bayan an sallame na miƙe a ƙofar masallaci na nemi a dakata. Na faɗi sunana da aikina, ko da yake sun san ni. Na yi bayanin da Hausa, wani ya mayar da Dandanci, harshen tungar, saboda tsofaffi. Na ba da wayoyin biyu aka zagaya da su hannu zuwa hannu, kamar yadda aka zagaya da tawa a zauren Alhaji Bawa. Masu karatu suka karanta wa marasa karatu. Wani mai suna Ilu, wanda biyu daga cikin injinan a hannunsa suke, ya gwada jan rubutun da yatsa har sau uku, sannan ya dube ni.

"Ashe kai ne ka cinye muna inji."

Na ce ni ne.

"Don ka yi ma waya ado."

Na ce haka ne.

Ya faɗi wasu maganganu da ba zan rubuta ba, kuma babu wanda ya hana shi, ni ma ban ga dalilin hana shi ba. Daga baya ƙungiya ta karɓe aikin ta ba wani a Birnin Kebbi, na yi shekara ban samu aiki daga bakin kogi ba. Amma a ranar, da Ilu ya gama, sai ya juya wurin Baba Gado, ya cire hularsa ya durƙusa ya ce, "Baba, mun ci haƙƙinka." Wasu suka bi shi. Limamin tungar ya ce gobe za su aika wa ƙungiya cewa wakilinsu na da shi ne wakilinsu.

Baba Gado ya ce su bar wa yaron da aka naɗa a madadinsa, shi ya huta. Ya ce abu ɗaya yake so, duk wanda ya sake kiransa da wancan sunan, ko jikansa ne, za su haɗu wurin Sarkin Ruwa. Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Da mutane suka watse ya tako inda nake tsaye ina mayar da wayoyi cikin jaka.

"Malam, har yanzu kana fara saƙon da gaisuwa?"

Na ce ina farawa da sunan Allah, sai magana, gaisuwa a ƙarshe.

"To. In ruwa na tahe, ka ce ruwa. Mu mun san kana gaishe mu." Ya miƙo mini hannu, tafinsa kamar bayan itace. "Na yahe maka, duniya da lahira. Babu sauran komi tsakaninmu. Taho mu ci tuwo, jirgin La'asar ba ya jiran malamai."